Darasi: Tabki daga tudu ake gyara shi. Ina za mu samu kuɗin aikin?

 

Cikin aikina akwai duban nama ranar kasuwa. Wata shekara, a ƙarshen rani, na lura hantar shanun da ke zuwa daga wani yanki guda ita nike yawan hanawa a saida. In ka yanka ta, sai ka ga jijiyoyinta sun yi kauri sun yi fari, matsattsaku na motsi a ciki kamar ganyen magarya. Mahauta suka fara fushi da ni, masu shanu kuma suka ce dillalai na karya musu kuɗi don bisashen sun rame. Na tambaya ina suke shan ruwa, aka ce duk tabki guda. Da na tahi na gani, tabkin da tsofaffi suka ce dā yana shanye raƙumi tsaye ya koma taɓo, ruwan bai wuce gwiwa ba, kacalla ta cinye gehe guda. Mun ba bisashen magani, sun ji sauƙi. Shekara ta kewayo, ciwon ya dawo, domin tabkin yana nan yadda yake.

Darasinmu na yau a kan wanga al'amari yake: mi ke ɓata ruwan tabkuna da gulabe, wane aiki ke gyara shi, ina ake samun kuɗin aikin, kuma ƙaƙa makiyayi zai shiga ciki don kada a gyara tabki a kore shi.

1. Ƙwaryar ruwa

Ka ɗauki ƙwarya ka yayyafa mata ruwa a baki. Duk inda ɗigo ya faɗa, gindin ƙwaryar zai gangara. Haka ƙasa take. Kowane tabki yana da tasa ƙwarya: dabagi da tsauni a sama, fako da gonakin jigawa a tsakiya, ƙoramu masu kai ruwa, sannan fadama da tabki a gindi. Duk abin da ke cikin wagga ƙwarya, rairai ne, kashin bisashe ne, leda ce, maganin ƙwari ne, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi tabki zai iske shi.

Wata ƙwaryar ƙarama ce, gari biyu ko uku. Wata babba ce har ta tsallake iyaka. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo ta Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Tun da aka gina madatsar Jibiya wajen 1990, mutanen bakin gulbi sun ga yadda zuwan ruwa ya sake. Irin wannan babbar magana ta hukumomin ƙasashe ce. Mu tamu ita ce ƙaramar ƙwarya, wadda mutum zai iya kewayawa da ƙafa ko bisa jaki cikin yini ɗaya ko biyu.

Dā, itace da haki na riƙe ruwan sama ya shiga ƙasa sannu sannu. Da aka sare itace, ƙasa ta zama fako, sai ruwa ya riƙa gudu, yana yanka kwazazzabai, yana kwasar rairai yana zubawa cikin tabki. Tabki ya cike, ya yi faɗi ba zurfi. A bazara rana da iska na shanye kusan santimita ɗaya na ruwa kowace rana. Ku lissafa da kanku: tabki mai zurfin rabin mita, ko bisa ɗaya ba ta sha ba, ba zai kai wata biyu ba.

2. Abin da mugun ruwa ke jawo ma garke

Ruwa ba ya tsami banza. Ga cututtukan da muka fi gani a bakin tabkin da ya lalace:

Ciwon hanta. Ƙwan matsattsaku na fita cikin kashin bisa. In ya faɗa ruwa sai ya ƙyanƙyashe, ɗan ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa mai son ruwa marar zurfi mai haki. Bayan ƴan makonni ya fito ya manne ga haki. Saniya ko tunkiya ta ci hakin, tsutsar ta bi ta shiga hanta, cikin wata uku zuwa huɗu ta girma ta fara nata ƙwai. Alamu: rama, kumburi a ƙarƙashin haɓa, ido ya yi fari, nono ya ragu.

Tsutsar ciki da zawo, musamman ga maruƙa da ƴan tumaki, inda bisashe ke shiga ruwa suna kashi suna sha.

Ciwon saifa. In aka yar da mushe a ƙorama, ko aka feɗe shi bakin ruwa, ƙwayar cutar na iya zama cikin ƙasa shekaru masu yawa. Bisar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci da dubura, kada a feɗe ta. A kira mu, a rufe ta cikin rami mai zurfi nesa da hanyar ruwa.

Guba. Mai lambu ya wanke famfon feshi a tabki, makiyayi ya wanke tulun maganin kaska, duk cikin ruwan sha suka zuba. Haka kuma ruwan da ya ja baya ya yi zafi, ya yi kore shar kamar an zuba shuni da ganye, yana iya kashe bisa.

Ga kuma ciwon kofato daga tsayuwa cikin taɓo, ga leda da ke cika tumbi. Ɗiyanmu ma ba su tsira ba: fitsarin jini, wato tsargiya, shi ma ta hanyar katantanwa yake zuwa.

3. Aikin da ke gyarawa

Mutane da yawa in an ce gyaran tabki, babbar mota mai yasa suke tunani. Yasa na da tsada ƙwarai, kuma in ba a taɓa tudu ba, damina kaɗan rairai zai mai da abin da aka kwashe. Aiki daga sama ake faro shi, a gangaro.

A dabagi da fako: rabin wata, da manyan gandoji, da jerin duwatsu a kan layin da aka auna da tiyon ruwa. Rabin wata mai faɗin mita 4, guda 313 ke cika ekta ɗaya. A ciki a shuka haki irin su gamba, kyasuwa, komayya da gadagi, a dasa dakwara, bagaruwa, magarya ko aduwa.

A gonaki: tassa da taki, da sassaben zamani, wato barin tohon gawo da kalgo da sabara a gyara su su zama itace.

A ƙoramu: shingen duwatsu tun ƙorama na ƙarama, sannan gabiyo, wato duwatsu cikin ragar waya, inda ta yi girma.

A bakin tabki: a bar ɗamarar haki da itace tana tace ruwa, a ware mashaya a zuba mata tsakuwa don kada ta yi taɓo, a ware wurin wanki da wurin bulo ƙasa da mashaya, a yanke kacalla ƙarƙashin ruwa. Inda hali ya samu, a gina rijiya kusa da tabki da kwamin siminti, bisashe su sha ba tare da sun shiga ruwa ba.

Waɗannan dubaru an gwada su a ƙasarmu. A kwarin Majiya an fara dasa layukan bedi masu tare iska tun 1975. A Keita, babban aikin da ya fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya, tare da FAO da PAM, ya farfaɗo da ƙasa fiye da ekta 30.000, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a kansu. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake gyara tassa, suka dawo suka gwada, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Ku lura da wannan na ƙarshe: tassa ta bazu ne domin mutum na iya yin ta da hauyarsa, ba sai ya jira kowa ba.

4. Murhun kuɗi: duwatsu uku

Tukunya ba ta zama kan dutse ɗaya. Kuɗin gyaran ruwa ma duwatsu uku gare shi.

Dutse na farko: namu na kanmu.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk mai tallafi, tambayarsa ta farko ita ce: ku mi kuka aje? Sau da yawa ana neman mutanen wuri su kawo wani kaso, kamar kashi 10 cikin 100, ko kuɗi ko aikin hannu.

Ga misali, don ku ga yadda ake lissafi. A ce garuruwan da ke kewaye da tabki suna da gida 150, shanu 800, tumaki da awaki 2.000, masu lambu 40.

Gida 150, kowane jika ɗaya bayan girbi: sefa 150.000.
Shanu 800, kowace dala ashirin a shekara: sefa 80.000.
Tumaki da awaki 2.000, kowace dala biyar: sefa 50.000.
Masu lambu 40, kowane jika ɗaya: sefa 40.000.
Jimla: sefa 320.000 a shekara.

Wannan ba jangali ba ne, ba wanda zai kai ƙidayar garkenka wani wuri. Kai da bakinka za ka faɗi abin da za ka bayar gaban jama'a. Ka kuma gwada: mai shanu 30 zai ba da jika uku a shekara. Nawa yake ɓatarwa wajen maganin hanta? Nawa yake asara in saniya guda ta kwanta ta kasa tashi a bazara? Wanga garke na misali yana shan tano 170 mai lita 200 kowace rana in zafi ya yi, in muka sa lita 30 ga saniya, lita 5 ga ƙaramar bisa. Ranar da tabki ya ƙafe, duk wannan ruwan da guga za a ja shi, ko a saye shi.

Da kuɗin nan za a sayi diga, felu, baro, irin haki, a biya mai gadi. Sauran kuma ƙarfin jiki ne. Mutum mai lahiya na gina rabin wata biyu zuwa uku a yini, gwargwadon taurin ƙasa. Gayyar mutum 50, kwana biyu zuwa uku, ta gama ekta guda. Mai amalanke ya kawo duwatsu, mai garke ya kwana da shanunsa kan fako ya ba da taki. Duk a rubuta, domin shi ma kuɗi ne, kuma mai tallafi yana lissafa shi. Kada ku manta da mata. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jihar Maraɗi a 1991, ya nuna ma kowa cewa dala dala na zama dukiya in an riƙe ta da gaskiya.

Dutse na biyu: komin.

A komin da yawa na karkara, kasuwar bisashe na cikin manyan ƙofofin shigar kuɗi. Duk bisar da ka kai kara an karɓi wani abu a kanta. Saboda haka in kun je neman a gyara mashaya, haƙƙinku kuka je nema. Amma komin ba ta kashe kuɗi kan abin da ba ya cikin tsarinta na raya ƙasa da kasafin shekara. Kasafi kuwa kafin shekara ta shiga ake tsara shi. Ku kai buƙatarku a rubuce tun da kaka, ku karɓi shaidar an amsa, ku riƙa komawa kuna tambaya. Wanda ya zo a bazara yana kukan tabki ya ƙafe, sai a ce mishi ya dawo baɗi.

Dutse na uku: gwamnati, furoje da ƙungiyoyi.

Akwai aikin da ya fi ƙarfinmu: ragar gabiyo, siminti, kamyon ɗaukar duwatsu, awon ma'aikatan jeni riral, rijiyar siminti, yasa da mota. Nan ne kuɗin waje ke da amfani. Wani tallafin kan zo da biyan ma'aikata, ko da cimaka ko da kuɗi a hannu, kuma yana taimakon gidaje ƙwarai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Sai dai ku riƙe abu biyu. Na ɗaya, furoje baƙo ne, shekara uku ko biyar ya naɗe tabarmarsa, wani lokaci ma kafin wa'adi. Na biyu, inda mutane suka yi aiki don biyan yini kawai, na ga rabin wata sun fashe ba wanda ya toshe, kowa na jiran a zo a biya shi. Kayan aro ba ya rufe katara. Ku nemi kuɗin waje don abin da ba ku iyawa, abin da kuke iyawa ku yi da kanku.

5. Takardar neman tallafi

Ba sai ta yi tsawo ba. Ma'aikacin kiwo, na gandun daji ko na gona zai taimaka muku ku rubuta. Ga abin da ya kamata ta ƙunsa:

a) Sunan tabki ko ƙorama, da garuruwa da rugagen da ke amfani da shi, har da baƙin da ke zuwa da rani.
b) Taswira, ko da da hannu aka zana: ina ruwa ke fitowa, ina fako, ina burtali, ina mashaya.
c) Matsalar, da shaida: wane wata tabkin ke ƙafewa dā, wane wata yake ƙafewa yanzu. Ku kafa sanda mai alama ku riƙa duba zurfi. Mu kuma muna iya ba ku abin da muka gani na cututtuka a yankin.
d) Aikin da za a yi, daga sama zuwa ƙasa, shekara shekara.
e) Abin da kuka aje da abin da kuke nema, kowane da adadinsa.
f) Takardar Kofo mai nuna matsayin hilin: na wane ne, kuma mi za a yi da shi bayan gyara.
g) Sunayen ƴan kwamiti, da yadda za a kula da aikin bayan mai tallafi ya tahi.

In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Gara ku nemi ekta 20 da ƙorama guda ku gama da kyau, da ku nemi ekta 200 ku bar su rabi. Wanda ya ga aikin farko ya yi kyau, shi zai neme ku da na biyu.

6. Hattara, makiyayi

Nan ne zuciyar darasin. Na ga wurin da aka gyara fako, haki ya fito, sai aka wayi gari an shuka hatsi a ciki. Na ga tabkin da aka yasa, ruwa ya zauna, lambuna suka kewaye shi da ƙaya har ba inda saniya za ta sa baki. Da masu garke suka zo kuka, aka ce musu: lokacin da muke ɗaukar duwatsu kuna ina? Gaskiya kuwa suna arewa da bisashe, ba wanda ya aika musu.

Doka tana tare da ku. Dokar karkara mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993, da dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010, sun tabbatar da haƙƙin tahiya da bisashe da isa ga ruwan tabkuna da gulabe, kuma sun hana toshe burtali. Amma doka a takarda ba ta sare ƙaya. Abin da ke tsare mashaya shi ne a ce da kai aka yi, da kuɗinka a ciki, da sunanka a littafi. Don haka:

A yi taron farko lokacin da makiyaya ke nan, bayan an saki gonaki. A kira hardo, rugga da garso, Fulani da Buzaye, mazauna da masu wucewa.

A cikin kwamiti makiyaya su samu kujera ta gaske, ko mataimakin shugaba ko ɗaya daga masu sa hannu a fitar da kuɗi. In kana tahiya, ka bar wakili.

Kafin a sari diga ɗaya, Kofo ta zo ta shata burtali da mashaya, a kafa alamu, a rubuta cewa hilin kiwo in an gyara shi hilin kiwo zai zauna.

Wurin da aka shuka haki dole a tsare shi daga bisashe shekara biyu zuwa uku. Ku yarda da wannan, amma a yi shi yanki yanki, kada a rufe duka lokaci guda, kuma a faɗi ranar buɗewa tun farko.

A tsai da tara daidai ga kowa: wanda ya saki bisa cikin wurin tsaro, da wanda ya tura lambu cikin mashaya, da wanda ya wanke famfon feshi a tabki.

7. Riƙon asusu

Abin da ke kashe irin wannan aiki ya fi yawa a cikin akwatin kuɗi. Mai aje kuɗi daban, mai littafi daban, mai mabuɗi daban. In kuɗin ya yi yawa a kai shi asusun ajiya, kada a fitar sai da hannun mutum biyu ko uku. Duk abin da aka saya a karɓi takarda. Sau biyu a shekara, da kaka da kuma kafin damina, a karanta lissafi a bainar jama'a da Hausa da Fulatanci, da Buzanci in akwai masu jinsa.

A ware kuɗin gyara dabam, kada a taɓa shi don biki ko tarbon baƙi. Bayan kowane babban ruwa a kewaya a duba: ƙaramar ɓaraka yau felu biyu ne, baɗi kamyo ne. Wurin da aka gyara shi ma yana iya ciyar da asusunsa: a saida hakin da aka yanka da irinsa, da ƙaron dakwara in ta girma, masunta su ba da nasu kaso in an zuba tarwaɗa da karfasa. A saida ma makiyayan da suka sa kuɗi da rangwame.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Tabkinku wane wata yake ƙafewa yanzu? A zamanin iyayenku fa?
2. Wace ƙorama ce ta fi kawo mishi rairai, kuma daga hilin wa take tasowa?
3. Su wa ke shan wanga ruwa waɗanda ba mazauna garin ba? Wa zai kai musu labari?
4. Nawa za ku iya tarawa bana, ba tare da jiran kowa ba?
5. Burtalinku da mashayarku, Kofo ta shata su?

Ku zauna ku amsa waɗannan tambayoyi a rugga da bakin kasuwa. In kun shirya, ku zo ofishin kiwo mafi kusa da ku, mu tahi tare mu kewaya ƙwaryar tabkinku tun daga dabagi. Kafin nan, a ba bisashen da ke kiwo a fadama maganin hanta bisa shawarar ma'aikacin kiwo, kuma kada a bari allurar rigakafi ta shekara ta wuce garkenku.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare muna dukiyarmu. Amin.